Hular Baba a Cikin Taru

Babana mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci, amma ba ya son nama. Kowa a gidanmu na Ƙofar Rini ya san haka, kuma kowa ya san ba maganar da ake fita da ita waje ba ce. Zai wuni yana sara yana yanka, yana rantse wa masu saye cewa shi ma irin wannan tsokar zai kai gida, amma in ya dawo Inna ta ajiye masa tuwo, sai ya tsince naman da ke cikin miyar ya rarraba mana. Shi kifi yake so. In ana soya kifi ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ya yi ta zagaya madafa yana neman abin da bai ɓata ba.

Yana da wani aboki masunci da ke zaune a bakin gulbi, sun san juna tun suna samari. Duk ranar Juma'a da hantsi mutumin nan zai iso a kan kekensa da kifi cikin jiƙaƙƙen buhu, ya koma da hanta ko ƙafar sa. Ba su taɓa yin ciniki ba. Babana yana ce masa Sarkin Ruwa, shi kuma yana ce wa Baba Sarkin Fawa, alhali cikinsu ba wanda aka taɓa naɗa wa ko tsumma a ka. Mu 'ya'yan gidan Baba na gulbi muke ce masa. Siriri ne, baƙi wuluk, idanunsa kullum a kanne kamar yana kallon rana a kan ruwa, kuma ba ya dariya in ya faɗi abin dariya, sai ya bar ka da ita.

Ina ƙarama na sha ganin ya kawo giwan ruwa wanda wutsiyarsa ke jan ƙasa a bayan keke. Kafin in gama kwalejin horar da malamai in fara koyarwa a firamare, abin ya koma 'yan karfasa kamar tafin hannu, sai tarwaɗa jefi-jefi. Buhun yana nan yadda yake, abin ciki ne ke ta ramewa.

Wurin da su Baba ke yanka wani ɗan fili ne mai daɓen siminti a bayan unguwa, su kamar goma. Jini, da ruwan wankin hanji, da abin da aka zazzage daga tumbi, duk da tsintsiya ake kora su cikin kwata. Kwatar ta bi ta bayan gidaje ta faɗa babban lambatu. Inda lambatun ya nufa kuwa, ban taɓa jin wani ya tambaya ba. Abu in ya wuce ƙofar gidanka, to ya tafi.

Wata Juma'a Inna tana gyaran tarwaɗa sai muka ji ta yi salati. Ta zaro wani ɗan ƙyallen baƙar leda daga cikin kifin, ta ɗaga shi sama da yatsu biyu. Kifin kuma yana wani irin wari wanda ba ƙarnin da muka saba da shi ba. Baba ya karɓi kwanon ya nufi zaure, inda Baba na gulbi ke zaune yana shan fura, ni kuma na bi shi da butar ruwa don kada a yi ba ni.

"Sarkin Ruwa," in ji Baba, "yanzu kihin naku da ledarshi yaka zowa, ba sai an ƙunsa ba?"

Baba na gulbi ya leƙa kwanon, ya koma kan furarsa. "Kai za a tambaya. Abin da kunka turo muna shi yac ci."

"Mu wa?"

"Ku mutanen tudu. Balle kai. Rabin gulbin nan yanzu romon shanunka ne."

Baba ya ajiye kwanon da ƙarfi. Ya ce shi shekara arba'in yana yanka a wurin nan, ubansa ma a nan ya yi yanka, kuma ruwan kwatarsu bai taɓa kaiwa gulbi ba. Rana ce ke shanye shi a hanya. Ya ce duk wanda ya san ranar Sakkwato ya san ba za ta bar ruwa ya yi irin wannan tafiyar ba tare da ta tare shi ba. Baba na gulbi bai yi musu ba. Ya shanye furarsa, ya karɓi hantarsa, ya ce Allah ya kai mu wata Juma'ar.

A cikin makon nan aka yi ruwan farko. Da la'asar hadari ya haɗo, iska ta taso da yashi da leda, Baba ya fita da gudu don ya rufe fatun da ya shanya. A kansa akwai hularsa ƙube koriya, wadda kawuna, yayan Inna, ya kawo masa tsaraba. Ba hular aiki ba ce, ya dawo daga ɗaurin aure ne bai cire ba. Iska ta fizge ta, ta mirgina a kan daɓe kamar ƙaramar taya, ta faɗa kwata daidai lokacin da ruwa ya kece. Baba ya bi ta har lungu biyu yana kiran a tare, kamar akuya ce ta kwance. Ya dawo a jiƙe, kai ba hula. Kwana biyu yana maganarta. Ya ce irin ɗinkin nan an daina yinsa. Inna ta ce da ya cire ta tun da ya shigo da tana nan, ya ce ba shawara ya nema ba.

Ranar Juma'a muka ji ƙararrawar keke. Baba ya fita tarbar kifinsa, ni ina bayansa. Baba na gulbi ya jingine keke, ba buhu a bayansa, ya shigo zaure da sallama. A kansa akwai koriyar ƙube. Ta ɗan koɗe, gefe ɗaya ya yi baƙi, amma ita ce.

Ya zauna ya miƙe ƙafa. Ya gaida Baba, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwan da aka samu, ya tambayi ƙafar Inna da ke ciwo. Duk gaisuwa ɗaya sai ya sa hannu ya gyara zaman hular. Baba yana amsawa, amma idonsa bai sauka daga kan mutumin ba.

"Sarkin Ruwa, ina kas samu wagga hula?"

"Wagga? Kamun jiya ce. Na jefa taru tun asuba, ita kaɗai ta shiga da rai."

"Tawa ce."

"Haba dai. Taka ai rana ta shanye ta a hanya."

Na ruga cikin gida don kada dariya ta kubce mini a gaban manya, na tarar da Inna a bayan ƙofa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Da na dawo na iske maganar ta canza. Baba na gulbi ya cire hular ya ajiye a kan tabarma, yana magana a hankali. Ya ce bai zo da kifi ba don babu wanda zai iya kawo wa mutum. Washegarin ruwan nan, in ji shi, sun tashi sun tarar da kifi birjik a kan ruwa, ciki sama. Waɗanda ba su mutu ba suna ta ɗago baki. Ya ce 'yan shekarun nan duk ruwan farko haka yake yi musu, amma na bana ya fi.

Baba ya ce hula daban, jini daban. Hula ba ta da nauyi, ruwa zai iya ɗaukarta. Ya ce gobe da kansa zai je ya gani, kuma zai tafi da ni, tunda ni na yi boko, in gaya wa Sarkin Ruwa gaskiyar magana a kimiyyance. Ban san lokacin da na zama lauyarsa ba.

Da safe ya saka farar riga 'yar shara wankakkiya, don ya ce ba zai je garin masunta su raina shi ba. Muka tari agwagwa da buje, wato keken nan mai ƙafa uku, ya kai mu har inda kwalta ta ƙare, muka roƙi mai keken ya jira mu. Tun kafin mu ga ruwa hancinmu ya gan shi. Baba, wanda ya yi rayuwarsa cikin warin tumbi, sai da ya ja numfashi ya tofar da yawu.

Baba na gulbi ya sa mu a kwalekwale ya tura da gora zuwa inda babban lambatu ke zubowa. Ruwan wurin baƙi ne, mai kauri, da kumfa a gefe-gefe. Ledar ruwan sha ta taru ta yi tsibiri, har wata farar balbela ta sauka a kai tana tafiya ba ta nutse ba. Robobin lemo, takalma warin ƙafa, tsummokara, ga wani maiƙo da ke sheƙi launi-launi in rana ta taɓa shi. Tsakanin wannan duka ga kifaye, ƙanana da manya, sun kumbura, ƙuda na binsu. Wasu 'yan tarwaɗa da suka rage suna ɗagowa suna buɗe baki suna komawa.

"To, malama," in ji Baba, "gaya mishi."

Na ce, "Baba, in gaya masa ko in gaya maka?"

"Faɗi dai."

Na faɗi abin da aka koya mana. Na ce akwai iska a cikin ruwa, ita kifi ke shaƙa. In jini da kashin dabbobi da sauran ƙazanta suka shiga ruwa da yawa, ruɓewa suke yi, ruɓewar nan kuwa ita ke cinye iskar. Duk abin da ya kwanta a lambatu tsawon rani, ruwan farko ne ke kwaso shi gaba ɗaya ya juye a gulbi rana guda. Sai kifi ya rasa abin shaƙa, ya shaƙe a cikin ruwa kamar yadda mutum zai shaƙe a ɗakin da aka toshe.

Baba ya dube ni. "Kihi ka shan iska?"

"Yana sha, Baba."

"Cikin ruwa?"

"Cikin ruwa."

Ya juya ga abokinsa. "Ka ji abin da anka koya mata. Shekara uku tana zuwa makaranta."

"Ni ban yi shekara ko ɗaya ba," in ji Baba na gulbi, "amma ga su nan suna ɗago baki. Ko gaishe ka sukai?"

Daga nan Baba ya koma neman masu laifi. Ya nuna maiƙon ya ce wannan baƙin man makanikai ne. Ya nuna wani shuɗin ruwa da ke bin gefe ya ce wannan na masu rini ne, har muryarsa ta washe don murna. Leda kuwa ai ta kowa ce. Duk gaskiya ya faɗa, ba wanda ya musa masa. Sai gorar Baba na gulbi ta tono wani abu daga ƙasa, ya taso a hankali ya juya a gabanmu: hanjin saniya ne, dogo, da ƙahon akuya a sarƙe.

"Wannan kuma na teloli ne," in ji Baba na gulbi.

Baba ya miƙe tsaye don ya duba da kyau, wai ko zai gane yankan wane ne. Mutumin da bai taɓa shiga kwalekwale ba, ga jiki. Baba na gulbi ya ce zauna, ni na ce Baba zauna, kwalekwalen ya karkata hagu, ya dawo dama, Baba ya kama iska da hannu biyu, ya tafi.

Ruwan bai da zurfi, iya ƙugu ne. Amma da ya miƙe, farar rigar nan ta zama launin da ban san sunansa ba, leda ɗaya a kafaɗa, ɗaya a gemu, laka ta riƙe takalmansa duka biyu ba ta kuma sake su ba. Masunta da ke gyaran taru a gaɓa suka taso suna sannu, sannu, Alhaji, kowa yana cije leɓe. Sai da mutum uku suka ja shi.

Mai keken da ke jiranmu ya hango mu tafe, ya shaƙi iskar da ta riga mu isowa, ya ce shi wallahi ya tuna ana nemansa a gida. Ni ya yarda ya ɗauka. Baba kuwa a bayan amalanken jaki mai ɗaukar yashi ya shigo gari, zaune a kan yashin, ƙafa ba takalmi, yana kallon gaba kamar ba shi ba. Inna ta tare shi a zaure da bokiti biyu da sabulun wanki ta ce ba zai taka mata tsakar gida ba sai ya yi wanka uku. Mako guda yana susa. Cinyoyinsa suka yi ƙuraje, sai da aka kai shi kemis aka haɗo masa man shafawa.

Bai taɓa cewa abokinsa ya yi gaskiya ba. Abin da ya yi shi ne, da ƙaiƙayin ya lafa, ya sa aka haƙa rami a gefen wurin yankan, ya ce daga yau abin cikin tumbin dabbarsa a nan za a zuba, jini kuma a tara a rabin duro. Sauran mahauta suka yi ta yi masa tsiya. Wani ya ce ko rijiyar romo yake ginawa. Wani ya ce tun da ya sha ruwan gulbi aljanun ruwa suka shige shi. Ramin kuma ya yi wari na ban mamaki, har maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce ya riƙa rufewa da toka da ƙasa. Ya rufe. Bayan 'yan watanni masu lambun albasa na fadama suka ji labari, suka fara zuwa da jakuna suna kwashe takin. Jinin kuma wani mai kiwon kaji ya nuna masa yadda ake dafa shi a shanya a haɗa a abincin kaji. Da mahautan suka ga jakuna na layi, uku daga cikinsu suka haƙa nasu ramin, kowannensu yana cewa dama shi ya daɗe da wannan tunanin. Sauran suka ci gaba da kora wa kwata.

Mu a gida muka fi shan wahalar tubansa. A unguwarmu, in hadari ya haɗo, kowace mace takan fito da kwandon shararta ta jira ruwa ya kawo, ta juye a kwata ya tafi da ita. Haka muka taso muka gani, Inna ma gwana ce. Baba ya sayi lema baƙa, babba. Da an fara yayyafi sai ya fita ya tsaya a bakin kwata kamar ɗan sanda. Mace ta leƙo da kwando, ta gan shi, ta koma. Yara suka sa masa Sarkin Kwata, sunan ya bi shi har kasuwa. Rannan ya kama wata mata lulluɓe da zane tana juye shara ta ƙofar baya, ya fara yi mata wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci da haƙƙin dabba, ya yi nisa sosai kafin matar ta yaye lulluɓin.

"To na ji," in ji Inna. "Gaya mani inda zan kai ta. Ɗakinka?"

Motar kwasar shara kuwa ba ta shigowa lungunmu. Ƙarshenta Baba ne ya riƙa ɗaukar sharar gidanmu a baro yana turawa har bakin titi inda ake tarawa, mutum mai jikoki, mutane na gaishe shi yana amsawa da ka.

Gulbi dai bai warke ba. Ramuka huɗu da lema ɗaya ba su isa su tare abin da gari guda ke zubarwa ba. Masunta da yawa suka bar kamun kifi, wasu suka koma ɗibar yashi, wasu acaba. 'Ya'yan Baba na gulbi suka gina masa kwamin siminti a bayan gida, suka zuba 'ya'yan tarwaɗa, suna ba su abinci daga buhu kamar kaji. Tsohon ya ƙi ko kallon wurin wata da watanni. Ya ce shi ba makiyayi ba ne.

Sai ga shi wata Juma'a ya iso da tarwaɗa uku manya, masu ƙiba, jikinsu duk yashin gulbi. Ya ce ya samu wani lungu can sama da gari inda ruwa ke da kyau. Baba ya yi murna, ya yaba, ya ce ai ya san Sarkin Ruwa ba ya tsufa. Haka aka ci gaba duk mako. Ni kuwa na san komai, don 'yar Baba na gulbi ƙawata ce, ita ta gaya mini cewa daga kwami yake kamo su, ya biya ta bakin gulbi ya birkiɗa su cikin yashi kafin ya hau keke.

Na daɗe ina riƙe da maganar. Wata rana bayan na yi aure na zo gida wuni, na tarar da Baba a tsakar gida da kwanon kifi a gabansa, yana cire ƙaya a natse. Na zauna kusa da shi na ce, "Baba, ka san kifin nan ba na gulbi ba ne?"

Bai ɗago ba. "Tun ran farko."

"Ya aka yi ka gane?"

"Ɗiyata, ni mahauci ne. Na san dabbar da ta yi kiwo, na san wadda anka ɗaure anka ba dusa. Dubi tumbinshi. Wanga bai taɓa gudun kowa ba."

"To me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"Mutum ya tsufa, ya taka keke tun daga can, ya tsaya ya shafa ma kihi yashi don kada in ji kunyar abin da munka yi mishi. In ce mishi mi?" Ya tsotse ƙaya ya ajiye a gefen kwano. "Kuma kada ki gaya ma innarki. Ita har yanzu cewa takai na gulbi ya fi zaƙi."

Inna ta amso daga madafa cewa ita ce ke wanke yashin duk mako, kuma ba ta taɓa ganin kifin da yashi ke shiga masa ta waje kaɗai ba. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya ce in miƙo masa yaji.